Motar Yayana

Lahadi da sassafe, a bakin kogin Abe,
raɓa ba ta gama sauka daga ganyen shayi ba,
dutsen Fuji ya leƙo rabi, ya ja mayafi.
Mu goma sha ɗaya ne, autanmu
ya ba hamsin baya, furfura sai yaɗuwa.

Kowa da akwatinsa a buɗe:
batir, noti, man giya, ɗan sukundireba.
Nagasawa ya ja igiya ya shata hanya,
tudu biyu, rami ɗaya, sai kwanar tsakuwa
wadda ba ta jin magiyar kowa.

Tawa ja ce, tsawonta kamu guda,
kuma ba guminta na yi ba.
Yayana Tetsuzo ne ya yi wata bakwai
yana rabon jarida a keke, cikin sanyin asuba,
yana tara kuɗin a gwangwanin biskit.
Dare huɗu yana haɗa ta, ina riƙe da fitila,
ya ce kallo ne rabona, ban da taɓawa.

Shekara talatin da takwas ke nan.
Shi teku ta karɓe shi yana ashirin da uku,
ita ta yi ta barci a saman sili
har ranar da muka kwashe kayan tsohuwa.

An busa usur.
Motoci shida suka tashi da ƙugi
kamar an tsokani amyar zuma.
Laka ta fantsama har gwiwar wandona,
eriyar rimot tana ta karkarwa,
ban san ko iska ce ba, ko hannuna ke rawa.

Zagaye na farko ina na huɗu.
Na biyu na sha gaban Malama Fumie,
wadda ta bar koyar da lissafi bara,
ta dawo tana auna kwana da ido ɗaya.
Na uku na hau tudu da wuta,
motar ta tashi sama, ta manta shekarunta,
ni ma na manta nawa.

Sai ƙas!
Tsohuwar roba ba ta san lallashi ba.
Hannun tayar gaba ya rabu biyu,
ta kwanta a gefe, ƙafa ɗaya na juyawa.

Kamfanin ya daina yin irinsa
tun kafin a haifi 'yata.
Na tsuguna ina tsintar guntaye a ciyawa.

Nagasawa, wanda shekara shida yana cin ni
yana kuma ba da labarin a shagon taliya,
ya zo ya tsaya a kaina, bai ce uffan ba.
Ya buɗe wani gwangwanin shayi,
ya zaro hannun taya sabo fil, cikin leda mai rawaya.
Ya ce, "Ba don kai ba ne.
Tsere ba ya daɗi in babu wanda zan kayar,
karɓi, kada ka ɓata mini rana da godewa."

Sai da na kwance farantin gaba,
noti huɗu da ban taɓa kusantarsu ba.
A ƙarƙashinsa, da baƙin alƙalami,
ga rubutun nan mai karkata hagu:
"Shinji, in kana karanta wannan,
to ka taɓa ke nan. Zan dawo maka."
Na yi dariya har tabarau ya jiƙe,
Fumie ta kau da kai, wai tana duban ruwa.

A tsere na biyu ni na zo ƙarshe.
Babu komai, taya huɗu suka kai ni.

Da yamma, a bakin famfo,
na bi ta da tsohon buroshin haƙori,
ina fitar da laka daga kowane lungu.
Na mayar da farantin, na ɗaure noti huɗu,
ban matse su sosai ba.
Na bar ƙofar gareji a buɗe kaɗan,
tunda ya ce yana nan dawowa.